Tutar da Inna Ta Rina

Yamai, 9 ga Agusta, 1967

Zuwa ga ƙawata Zaliha, da Balki, da Husaina mai bakin tsiya, a Karofane.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiyarku, ina gajiya, yaya damina? Ina fatan hatsi ya yi kai, tsuntsaye ba su dame ku ba. A gaida mani Inna da Baba da mutanen gida duka. Ni da maigidana Surajo lafiya lau muke, sai kewa.

To ku aje tulunanku ku zauna, Zaliha ki gyara murya. Na gamu da wata ƴar garinmu nan Yamai. An ba ta ɗaki mai fanka, da gardi a bakin ƙofa, manyan mutane na tsayawa gabanta su yi shiru. Zaliha da Husaina kun san ta, har kun taɓa yi mata waƙa. Ba ni faɗin ko wace ce sai can ƙasan takarda. Husaina, kada ki fizge takardar, ko kin fizge ba karatu kinka iya ba.

Ran Lahadi kamyon, babbar motar su Surajo, na garaji, sai ya ce in shirya ya kai ni Mize. Mize gidan ajiyar kayan tarihi ne, fili ne babba bisa tudu, kana hangen gulbi daga nan. Ɗakunan farare tas, an yi masu zane da shuɗi, sai ka ce lallen amarya. Na ga zaki da idona, ƴan uwa! Na ga dorina, bakinta ya isa a shimfiɗa tabarma ciki. Na ga kura, irin tamu ce sak, sai dai wagga ta ƙoshi. Can gefe sun kafa tantin Buzaye, da bukkar Fulani, da ɗakin Zabarmawa, har da rumbun ƙasa irin namu na Adar mai ƙaton ciki. Sai da na shafa shi. Ga maƙera, ga dukawa, ga masaƙa, kowa zaune shina aikinai, mutane na kallo.

A lakwal, makarantarmu, malaminmu Mushe ya sha gaya mamu Nijar na da girma. Na haddace, ya yi mani tambaya na amsa, amma wallahi ban gane ba sai ranar. Ashe duk mutanen ga namu ne, ƙasa guda.

Daga nan munka shiga wani ɗaki da anka keɓe don tunawa da samun ƴancin kai. Mai yi ma mutane bayani wani dattijo ne, Malam Isma'ila, mutumin Keita. Ina buɗa baki in gaishe shi ya ce, "A'a, ƴar Adar ce wagga! Sannu ɗiyata, ya mutanen dutsi?" Ya nuna mamu foto na ranar bikin, mutane kamar fara. Ya nuna mamu alƙalami da takardu masu hatimi, da kan sarki na farko mai sunan ƙasarmu.

Sai na waiga ƙarshen ɗakin, na hangi wani akwatin madubi.

Balki, ke kina Garhanga wurin kakarki shekarar, bari in ba ki labarin tun daga tushe. Shekara bakwai ke nan. Anka aiko ma Maigari cewa ran uku ga wata kowane gari ya ɗaga tutar ƙasa. Tamu ba ta iso ba, korama ta yanke hanyar Buza. Mushe ya tafi hutu, babu wanda za a tambaya. Abin da Maigari ya ji a rediyo kurum shi ne launi uku, ruwan goro da fari da tsanwa, da rana a tsakiya. Sai ya aiko ma Inna, don duk garin babu mai hannunta a rini.

Kwana uku Inna ba ta zauna ba. Ta fiddo farin saƙinta wanda ta kaɗa zarenai da kanta. Ta daka saiwar rawaya ta gama da karan dafi, ga ruwan goro. Ta tsoma wani ƙyallen a baba ta bi shi da rawaya, ga tsanwa. Ni nike riƙe mata bakin zane. Da anka zo haɗawa na ce, Inna wane ne sama? Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ina kinka taɓa ganin ƙasa bisa hatsi? Jar ƙasa ƙasa take, ganye sama." Ta sa tsanwa sama. Ta yanka rana ƙatuwa, faɗin faifai. Ta murza geza ta jera a bakin ƙasa, don a wurin Inna zanen kirki ba ya tafiya ba geza.

Anka ɗaga ta bisa azara ƙofar Maigari, aka yi kiɗi, aka yi guɗa. Kashegari ga wani ma'aikaci daga Madawa bisa doki, da gardi biyu, ya kawo tutar kanti. Ya ɗaga kai ya ga tamu, ya yi ta dariya, ya ce a kife take. Anka so a juya ta, geza ta hana. Ya sa anka sauke ta, ya naɗe ya tura jakar sirdi ya tafi. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa an kai ta Madawa ne shaida, Inna ta zagi gwamnati. Da anka ga ba a zo kamun kowa ba, sai tsoro ya koma dariya da waƙa. "Mai baba ta kife ƙasa, sama ƙasa, ƙasa sama." Husaina, muryarki ta fi ta kowa. Tun ranar Inna ta kife tukwanenta bayan ɗaki, ba ta sake taɓa baba ba. Ko ranar fet, bikin ƙasa, ba ta fita ƙofar gida.

To, ita ce cikin akwatin. Tutar Inna! Da ƙatuwar ranarta, da gezarta, tsanwa sama, yadda ta yi ta. Na daɗe ina haɗa baƙaƙen faransancin da ke jikin takardar ƙasa, ga abin da ta ce: tutar da aka yi da hannu a wani ƙauye na ƙasar Madawa, Agusta 1960, ba a san wanda ya yi ta ba.

Ba a sani ba! Na fashe da kuka gaban mutane, Surajo na ja mani mayafi shina cewa, "Ke Jaratu, za ki sa a ce na doke ki."

Zaliha, kada ku gaya ma Inna tukuna, sai na koma Mize na ji yadda anka yi. Almu direba zai kawo maku wagga in ya zo Madawa.

Taku har kullum,
Jaratu

Yamai, 20 ga Agusta, 1967

Zaliha ƙawata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ƴar ɗiyarki. Yaya aikin gona? A gaida su Balki.

Na koma Mize ni ɗaya, ban ɓace ba, ku yaba mani. Na iske Malam Isma'ila na ce mashi, Baba, tutar can uwata ta yi ta. Ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe. Shi ma ya ba ni nashi labarin. Ashe ma'aikacin nan bai kai ta shaida ko'ina ba. Ajiye ta ya yi cikin akwatinai shekara da shekaru. Da zai bar aiki ya kawo ta nan da hannunai, ya ce ya zaga ƙauyuka ba iyaka a satin nan, ko'ina tutar kanti ya raba, wuri ɗaya kurum ya iske mutane ba su jira an kawo masu ba, sun yi tasu. Sunan garin ne ya ɓace mashi. Bara Allah ya yi mashi rasuwa.

Na ce to a rubuta sunan Inna. Malam ya ce, "Ɗiyata, ba ƙaryata ki nike ba. Amma maza biyu sun riga ki, kowa ya ce a garinsu anka yi ta. Da na tambaye su da me anka rina tsanwar, ɗaya ya ce da ganyen alayyafo." Munka yi dariya. Ya ce ni na faɗi daidai, amma manyansu ba su rubuta suna sai mai abin ta amsa da bakinta cewa nata ne, ta kuma aiko da zare ko ɗan ƙyalle na rininta a aza kusa a gani. Kafin fet ɗin Disamba za a sake rubuta takardun ɗakin duka. In an wuce nan, sai wani jiƙon.

Kin san ni ɗiyar fari ce, Inna ba ta doguwar magana da ni, ko sunana ba ta faɗi. In na aika mata kai tsaye cewa za ta yi, "Waccan ta fara haukan birni." Ke take sakewa da ke. Ki je da hantsi in Baba ya tafi gona, ki taya ta sussuka ko tsinkar rama, ki saka maganar a hankali. Zare kaɗan kurum nike so, ruwan goro da tsanwa.

Don Allah ki ba Almu amsa, kada ki bari ya juyo hannu wofi.

Taki,
Jaratu

Yamai, 17 ga Satumba, 1967

Zaliha,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Takardarki ta iso, na gode da wahalar da kinka sha.

Na karanta ta sau uku. Wai Inna ta ce ita ba ta san wata tuta ba. Wai dariyar Karofane ba ta ishe su ba, sai sun rataya ta inda Nijar duka za ta zo ta yi. Ranar ko tuwo ban tuƙa ba, Surajo ya sayo mamu shinkafa a bakin kasuwa.

Bari in gaya maki abin da ban taɓa gaya ma kowa ba. Ni ma na yi waƙar. Sau ɗaya, a dandali, don kada ku ce ina jin haushi. Da na juyo na ga Inna ta fito daga gidan maƙwabtanmu su Hawa da ƙwarya a kai, ta wuce kamar ba ta ji ba. Har yau ba ta yi mani maganar ba. Shi ya sa abin ga ya tsaya mani a rai.

Sai na ce ma kaina, Inna ta ce dariya ake yi, to bari in je in gani da idona, kada in yi mata ƙarya. Ran Lahadi na tafi tun da safe na zauna bisa benci kusa da akwatin har azahar. Ga abin da na gani, ki karanta mata shi yadda yake.

Wani tsohon soji mai ƙafa ɗaya ya zo da sanda. Ya tsaya ya ƙame, ya sara mata, ya daɗe hannunai bai sauka ba.

Wasu mata Zabarmawa ukku sunka manna fuska ga madubin suna duban ɗinkin. Ban ji abin da suke cewa ba, amma na ga babbarsu ta kama bakin zanenta na kanti ta gwada kusa, ta girgiza kai, ta riƙe haɓa.

Wani Bafillace da ɗiyanai, Malam ya yi mashi bayani cewa ta gwamnati ruwan goro ke sama. Ya dubi wagga, ya dubi ta gwamnati da ke rataye a bango, ya ce, "To ita dai mai wagga ta taɓa kiwo ko noma."

Mutum ɗaya ya yi dariya, ba ni ɓoyewa. Wani saurayi ne ɗan biro, mai aikin ofis, da ƙaramin wando da tabarau. Ya ce ma abokinai ƴan ƙauye ba su san sama da ƙasa ba. Na yunƙura zan tashi, Malam ya riga ni. Ya ce mashi, "Samari, ranar da anka ba mu ƙasar ga, kai me ka yi mata da hannunka?" Yaron ya cire tabarau ya shiga goge shi, har sunka fita bai gama gogewa ba.

Mutum ɗaya ke nan, cikin jama'ar da ta fi ta kasuwar Bangi.

Ki je ki karanta mata sa'ad da take kaɗi, kada ki dube ta, kada ki jira amsa. In kin gama ki tashi ki tafi abinki. Ki gaya mata har maganar dandalin, ki ce waccan ta ce a yafe mata. Husaina kuma, in da kunya a idonki, ki bi Zaliha. Ba sai kin ce komi ba, ki share mata tsakar gida kurum.

In ta ƙi, shi ke nan, ba ni sake damunta. Amma duk ranar da na tuna takardar nan mai cewa ba a san wanda ya yi ta ba, alhali tana nan zaune Karofane tana kaɗa ma wasu zare su kai rini wani gari, sai in ji zuciyata na suya.

Taki,
Jaratu

Yamai, 12 ga Nuwamba, 1967

Zuwa ga Zaliha, da Balki, da Husaina ƴar albarka (yau ɗaya dai na faɗa, kada ki saba).

Gaisuwa irin ta masoya. Ina gajiyar kaka? Na ji an cika rumbuna, Allah ya sa a ci lafiya.

Almu ya iso jiya da azahar, ya miƙo mani ƙullin tsumma da takardarki. Ban kai ga kwancewa ba warin baba ya buge ni. Zaliha, nan ƙofar gida na durƙushe. Maƙwabciyata ta fito da gudu ta ɗauka rasuwa anka yi.

Kin ce da kinka gama karatun mazarinta bai ko tsaya ba. Kin ce sati ukku ba labari, sai ranar nan da sassafe anka gan ta ta nufi dutsi, Husaina na biye da ita da hauya, za su haƙar rawaya. Husaina da hauya! Wanga ma ya isa a sa shi a Mize.

Yau da safe na kai zaren. Malam Isma'ila ya kira wani babbansu da mabuɗi, anka buɗe akwatin, anka aza zaren bisa tutar. Sabon ya fi haske, gabana ya faɗi. Sai sunka aika anka kira tsohon baduku daga rumfar masu sana'a. Ya murza zaren, ya sunsuna, ya duba gezar, ya warware silin ɗaya ya gwada da sabon. Ya ce, "Shekara ce kurum tsakaninsu. Hannu ɗaya ne, har murzar. Ina matar ga take? Tana sayarwa?"

Babban ya fiddo alƙalami ya ce in faɗi sunanta. Nan fa ake yin ta. Na buɗa baki, ya ƙi fita. Ni tun da anka haife ni ban taɓa kiran sunan Inna ba, sai yau gaban maza? Ya sake tambaya, na sunkuyar da kai. Malam ya yi dariya ya ce mashi, "Ranka ya daɗe, uwarta ce fa. Ba ta takarda." Sunka ba ni, na rubuta da hannuna, baƙi ɗai ɗai kamar ranar da na fara lakwal. Ga abin da za a sa: Sauda, mariniya, Karofane. Zaliha, in kin zo nan ki tsallake, kada ki karanta da ƙarfi gabanta, ki aza mata yatsa bisa wurin kurum ki ce ga shi.

Sannan na isar da saƙonta, yadda kinka rubuto shi, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce Inna ta ce ita ta yi ta. Ta ce kuma a tambaye ku, ina kunka aje ta? In kusa da taga take ku ɗauke ta, rawaya ba ta shiri da rana. Kada kuma wani ya yi karambanin wanke ta da sabulun kanti.

Sunka dubi juna, sunka dubi tagar, don kuwa kusa da ita akwatin yake, rana na dukan gefe guda kowace safiya. Babban ya ce shekara biyu suna nan da karatunsu ba wanda ya lura. Nan take ya tuɓe kwat ɗinai, shi da Malam da gardi da baduku, mutum huɗu, sunka ciccibi akwatin suna nishi, sunka kai shi inuwa tsakiyar ɗaki. Ina tsaye ina kallo, manyan Yamai na ɗaukar kaya da umurnin Inna.

Yanzu saura ku. Ni na ba ku nawa, ku ba ni naku. Zaliha ki zaunar da su ki rubuto mani duka, ko kaye, littafin rubutu guda, zai ci. Wa ya fara kawo mata zare? Me matan bakin rijiya sunka ce? Husaina, me kunka yi magana a kai bisa dutsi, ko shiru kunka yi har kunka dawo? Ke kuma Balki, ku can Garhanga me kunka ɗaga ranar ƴancin kai? Ki tambayi kakarki, kada ki bar komi.

A gaida Baba. A gaida Inna, ku ce waccan na gaishe ta.

Taku mai ƙaunarku,
Jaratu